Horon da Na Yi wa Hannun Mai Aski

Ni ce na yi alkawarin a gaban mutane, don haka gara in ba da labarin da bakina, kafin maƙwabciyata ta gama yaɗa nata mai ƙari.

Mijina ya shekara ashirin da shida yana aski a ɗan shagon da ke ƙasan gidan Yayana, bakin titi. Kujera ɗaya ce mai juyi, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin da ke ɗaukar mutum huɗu in babu mai tumbi a cikinsu. Duk layin nan, Mai Aski ake ce masa. Da wannan kujerar ya riƙe ni da 'ya'ya biyar, kuma ban taɓa jin wani ya ce ya yanke shi ba.

Sai bara hannunsa ya soma yi masa gardama. Da safe lafiya lau, kilifa na tafiya kamar ita ke tuƙa kanta. Da zarar azahar ta wuce sai hannun ya yi nauyi, gwiwar hannu ta riƙa saukowa, fatar idonsa na hagu ta sauko rabi kamar labulen da aka manta ba a ɗage ba. In ya ɗan zauna sai ya dawo daidai. Ya tashi ya yi kai ɗaya, abu ya dawo sabo. Masu zuwa da yamma suka fara tsallaka titi zuwa sabon shagon samari mai fitilu.

Ran nan Yaya ya zo gidanmu, ya zauna bai ko cire hula ba.

"Mai Aski, ba zan ɓoye maka ba. Wani mai gyaran waya ya nemi shagon. Jiya da idona na ga almakashinka ya bi ta gefen kunnen direban bas. In wata ya ƙare hannun nan bai dawo ba, ka kawo mini makulli kafin a kawo mini ƙara."

Mijina ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Haka yake. Ko gobara ce ta tashi, "to" zai fara cewa.

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, kuma ina da littafi.

Ban yi makaranta ba. A littattafan aikin gida na yarana na koyi haɗa baƙi, da yatsa a kan layi, ina da shekara talatin da ɗoriya. Tun daga nan babu takardar da ke wuce ni, har wadda aka naɗo sabulu a ciki. Wannan littafin kuwa a teburin asibiti na ɗauko shi, siriri ne, a kan tsoka da gajiya. Kashi biyu ne: gajiyar mai lafiya, da gajiyar mara lafiya. Kashin farko na karanta shi sau uku. Ya ce tsoka kamar murhu take, tana cin makamashi tana barin toka. In ta yi aiki makamashin ya ja baya, tokar ta taru, shi ne gajiya. Amma in aka riƙa ba ta aiki kullum ana ƙarawa, sai ta yi kauri ta daina saurin gajiya. Akwai wani sakin layi a kan hutu, shi ma na ɗan leƙa shi.

Kashi na biyu ban buɗe ba. Mijina ba ya zazzaɓi, ba ya tari, yana cin abincinsa. Me zai kai ni shafin marasa lafiya in yi masa fatan ciwo da idona?

Na ajiye tire na ce, "Yaya, wannan ba ciwo ba ne. Tsokar ce ta sangarta. Ka ba ni kwana ashirin."

"Ke kuma yaushe kika zama likita?"

"Na karanta. Ranar ƙarshe zai aske kai biyar a jere, kuma bayan la'asar, ba da safe ba. In bai yi ba ni zan kawo maka makullin da hannuna."

Yaya ya dubi mijina. "Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

"Ka yarda?"

"Ba a tambaye ni ba, Yaya."

Gidanmu na haya ne, tsakar gida ɗaya muke da wasu iyalai uku, kuma tagar maƙwabciyata tana kallon ƙofarmu kai tsaye. Shi ya sa ake ce mata Mai Taga. Kafin Yaya ya kai bakin titi, ta riga ta ji kwana ashirin da kai biyar, kafin magariba kuma mai shayi ya ji.

Washegari da safe na cika galan biyu da ruwa, na tsayar da mijina a tsakar gida. Ɗaga, sauke. Ɗaga, sauke. Goman farko ya yi su kamar saurayi, har na ɗan kalli tagar don a shaida. A na sha biyar hannun dama ya tsaya a rabi. A na ashirin galan ya sauka a kan ɗan yatsan ƙafarsa.

Mai Taga ta leƙo. "Maman yara, askin ne aka koma yi da ƙafa?"

"Ana gina tsoka ne. Ba kowa zai gane ba."

"Ai na ga ginin. Har bulo ya fara faɗowa."

Ranar bai kai azahar a shago ba, ƙarfe sha ɗaya hannun ya sauka. Na ce alama ce mai kyau, tokar ce ke fita.

A kwana na uku na lura in yana tauna nama sai ya tsaya a tsakiya, ya tallafe haɓa da hannu. Na ce ashe muƙamuƙin ma ya sangarta. Na sayo cingam kwali guda, na ce kullum biyar, tsakanin azahar da la'asar. A kwana na biyar fatar ido ta sauko tun hantsi, na yanko filasta na ɗaure ta da gira. Ya tafi shago ido ɗaya a buɗe tangararan ba ya ƙiftawa. Wani tsoho da ya zo gyaran gemu ya leƙa, suka haɗa ido, ya ce ashe ya bar tukunya a wuta.

Da yamma kuma muryarsa sai ta riƙa fita ta hanci. Na ce masa, "Malam, ni kake kwaikwayo?"

"Wallahi ba ke nake kwaikwayo ba," in ji shi ta hanci.

"To ka ga, ga shi nan ka sake."

Sai na ƙaro ruwan zafi. Wannan ba a littafin na gani ba, basirata ce. Kullum in ya dawo in tafasa ruwa, in jiƙa tawul in naɗe masa kafaɗu da wuya har ya yi ja. Yana fitowa daga tawul ɗin ko kofi ba ya iya ɗagawa. Na ce jiki ne ya saki, gobe zai ɗaure.

A kwana na bakwai Mai Taga ta fito da kujerarta gaba ɗaya, ta daina wahalar da wuya.

"Malama, ke da kike koyarwa ba mu taɓa ganin naki ba. Baki ne kawai ke da tsoka?"

Na ɗaure zani, na ɗauki bokiti biyu cike. Na ɗaga talatin. Na durƙusa na miƙe talatin, ina ƙirgawa da ƙarfi don na ɗakin ƙarshe ma su ji. Na ajiye, na shige ɗaki ina taku ɗaiɗai kamar ban yi komai ba.

Washegari ƙalau. Kwana biyu bayan nan na farka na tarar an musanya mini cinyoyi da itace. Na zo ruku'u, jiki ya ce a nan za mu kwana. Kwana uku a zaune nake salla, ina neman gafarar Ubangiji, don Ya san ba ciwo ne Ya ɗora mini ba, ni na je na ɗauko. Mijina yana wucewa ta bakin ƙofa ya ce, "Likita, wannan a shafi na nawa yake?"

"Shafi na tara. Tsamin jiki ne, alamar tsoka na gyara kanta."

Kuma gaskiya na faɗa, a nan ne ma abin ya ƙara lalacewa. Tsamin ya wuce, na ci gaba da ɗaga bokiti tare da shi, kafin kwana goma sha huɗu ni ce ke sauke jarka daga kura da hannu ɗaya, mai ruwa yana kallona. Damtsena ya fara cika hannun riga. Shi kuwa mijina daga ɗagawa ashirin ya koma sha biyu, ya koma takwas. Na zauna na yi nazari: hanya ɗaya, galan ɗaya, ni na yi ƙarfi shi ya yi laushi. Amsa ɗaya ce. Yana ha'inci.

"Malam, ka ji tsoron Allah. In na juya baya kana zubar da ruwan galan ko?"

"Da ina da ƙarfin kwance murfin, da na zubar."

Na ninka masa. Na ƙara hawan matakalar gidan Yaya sau biyar kafin ya buɗe shago. Matar Yaya ta same shi zaune a tsakiyar matakala, ya kasa sama ya kasa ƙasa, ta kawo masa ruwa ta ce ko a kira 'yarmu babba da ke aiki a wani gari. Na ce babu buƙata, saura kwana huɗu a ga abin mamaki.

Ranar ashirin, ana idar da la'asar bakin shago ya cika. Benci ya ɗauki mutum biyar, mai shayi ya matso da teburinsa, samarin sabon shago sun tsaya a ƙofarsu. Mai gyaran waya ma ya zo, yana ta kallon bango, ina jin yana auna inda zai kafa kantarsa. Mai Taga ta zo da kujerarta. Yaya ya tsaya a gefe, hannu a baya.

Kafin mu fito sai da na yi wa mijina ɗumin jiki: galan goma, tawul mai zafi, cingam biyu, sabuwar filasta. Na biyo shi da bokitaina biyu don mutane su ga kayan aiki.

Mai Taga ta ce, "Waɗannan na wanke kawunan ne ko na tarar jini?"

"Waɗannan su ne maganin. Duba nan."

Na miƙe hannuwa gefe da gefe, bokiti a kowanne, na ce wa mai shayi ya ƙirga. Ya ƙirga a hankali, ina jin da gangan. A hamsin kafaɗuna suka kama wuta. A saba'in na fara karanta duk addu'ar da na sani a zuci. Na kai ɗari, aka tafa, na sauke ina murmushi, na ɓoye hannuwan a cikin mayafi don wani abu ya fara rawa a cikinsu.

Kai na farko na direban bas ne, mutum mai saurin yafiya. Mijina ya gama shi, a hankali, yana jingina gwiwar hannu da bayan kujera. Na ɗaga yatsa ɗaya sama.

Na biyu wani malamin makaranta ne. An ɗaura masa ƙyalle, mijina ya kunna kilifa, sai ya tsaya yana kallon ƙeyar mutumin. Ya matsa hagu. Ya matsa dama.

"Lafiya, Mai Aski?"

"Lafiya lau, Malam. Ina dai tunanin da wanne zan fara."

"Da wanne me?"

"Kan. Biyu nake gani."

Malamin ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi da kyau, ya ce akwai takardun jarrabawa da bai duba ba. Na ukun ya tuna ana jiransa a tasha. Na huɗu bai ma ba da dalili ba. Benci ya zama fili.

Na ce, "Tsoro ne kawai. Kai biyu yana nufin idon ya fara aiki ninki biyu."

Ban san daga ina wannan maganar ta fito mini ba. Har yanzu in na tuna sai in yi istigfari.

Yaya ya cire hula ya zauna a kujerar. Shi Yaya gashinsa ya ƙaura daga tsakiya tuntuni, saura na gefe da na ƙeya, fari tas, kuma yana ji da shi kamar gonar gado.

"Ba na so a ce ban ba ka dama ba. Rage kawai za ka yi. Kaɗan."

Mijina ya yi gefen dama, ya fito da kyau. Ya zagayo hagu, ya ɗaga hannu, hannun ya zo daidai kafaɗa ya tsaya. Ya tallafe shi da ɗayan, duka biyun suka sauko tare. Filastar ta saki, ido ya rufe. Ya ajiye kilifa a teburi, ya zauna a bencin da babu kowa, ya ce ta hanci, "Yaya, ka yi haƙuri."

Mai hankali a nan za ta tsaya.

Na ce, "Saura gefe ɗaya ne. Yayana ne, babu laifi in na taɓa kansa. Shekara ashirin da shida ina kallon aikin nan."

"Ke, kar ki soma," in ji Yaya.

Na riga na ɗauki kilifar. Abin da ban lissafa ba shi ne hannun da ya riƙe bokiti har ɗari bai gama huce haushinsa ba. Yana fitowa daga mayafi ya kama kakkarwa, kilifa ma tana tata. Ɗan matajin da ke bakinta, mai hana ta cin gashi har ƙasa, ya fice ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na sa ta a bayan kunnen Yaya da nufin shafawa, ita kuwa ta ɗauki hanya, ta haura, ta yi kwana, ta fito a ƙeya.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "An yi titi."

Mai Taga ta ce, "Har da shataletale."

Na ce bari in daidaita. Na daidaita, titi ya zama biyu.

Yaya ya ɗauki ƙaramin madubi ya duba baya. Ya daɗe yana dubawa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hula ya ja ta har kunne, ya miƙo mini tafin hannu. Na ciro makulli daga aljihun rigar mijina na sa masa, kamar yadda na yi alkawari, a gaban duk wanda na yi wa alkawarin.

Matar Yaya ce ta kira 'yarmu. Washegari ta iso, ta sa mu a mota sai babban asibiti. Likitar yarinya ce sa'ar 'yarmu. Ta sa mijina ya kalli sama na minti ɗaya, muna kallo fatar idon ta riƙa saukowa a hankali. Ta aika aka kawo ƙanƙara a leda, ta ɗora masa a idon minti biyu. Tana ɗagawa ido ya buɗe tar.

"Baba, ina zargin ba tsokar ce ta lalace ba," in ji ta. "Saƙo ne ba ya isa gare ta. Jijiya tana kawo umarni, sai ta miƙa wa tsoka ta wasu ƙananan ƙofofi. Garkuwar jikinka ta yi kuskure ta toshe da yawa daga ciki. Da safe, bayan hutu, saƙon yana samun shiga. In aka yi ta maimaita aiki sai ya riƙa raguwa. Sanyi yana ɗan taimakawa, zafi yana ƙara ɓata shi. Za mu ɗebi jini mu tabbatar. A gida an yi masa wani abu?"

Na kalli silin.

Mijina ya ce, "Ɗan motsa jiki."

"Kamar me?"

"Galan. Matakala. Cingam. Filasta. Ruwan zafi."

Likitar ta daina rubutu a wajen cingam. Ta dube shi, ta dubi damtsena, ta gane wa ya ci ribar horon.

"Mama, ki gode wa Allah abin bai sauka ga tsokar numfashi ba. Wannan ciwon yakan kai can."

Wannan kam babu abin dariya a cikinsa. Na fita baranda na zauna, na daɗe ban iya tashi ba, kuma ba cinya ce ta hana ni ba.

Gwaji ya tabbatar. Aka ɗora shi a kan magani, ƙwaya kan lokaci, aka ce ya yi aiki da safe, ya huta tsakanin aiki kafin hannu ya roƙa, kuma a sami mai lura da shi. Na ce ni ce.

Bayan sati uku ido ya daina sauka sai can yamma, cokali ya daina faɗuwa. Shago yana rufe, mai gyaran waya ya kawo katako ya jingine a bakin ƙofa. Ran nan da sassafe sai ga saƙon Yaya: Mai Aski ya zo da kayan aikinsa. Na bi shi da agogon tebur a hannu.

Yaya ya buɗe shagon da kansa, ya zauna, ya cire hular da ya yi sati uku bai cire a gaban mutum ba. Titunan sun fara tsiro amma har yanzu mota za ta bi.

"Kwashe duka. Har gemu ka gyara."

Mijina ya ɗauki kilifa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannun nan yana tafiya yadda na san shi, babu rawa babu tsayawa. Ya gama kai, ya shafa kumfa, ya yi kuncin dama da reza. Ya zagayo hagu ke nan agogona ya cika minti goma sha biyar.

Na ce, "Hutu."

"Saura kunci ɗaya," in ji mijina. "Hannun ƙalau yake."

"Likita ta ce kafin ya roƙa. Zauna. Minti goma."

Ya zauna. Yaya ya rage a kujera, kai fes, rabin fuska kumfa, masu wucewa suna leƙe suna gaishe shi. Ya dube ni ta madubi, na dubi agogo. Ya sa hannu a aljihu a ƙarƙashin ƙyalle, ya ciro makulli ya ajiye kusa da reza.

"Safiya taka ce, Mai Aski. Mai waya ya shigo bayan azahar, ya kafa kantarsa a wancan bangon. Shago kam na san yadda zan yi da shi." Ya nuna ni da haɓarsa mai kumfa. "Wannan ce ban san wa zan bar wa ba."

Mijina ya ɗauki makullin ya sa a aljihu.

"Ai kai ka ba ni ita, Yaya. Kuma ba ka ce in ta ƙi gyaruwa in dawo da ita ƙarshen wata ba."